Yadda Na Ɗauko wa Malam Ganye Daga Cikin Dutse

Ƙarar ba ta da girma. Kamar a ce wani yana ɓare gyaɗa a ɗakin da ke kusa da naka: ƙas, shi ke nan. Haka dutsen yake yi idan ya yarda ya buɗe. Har yau in yara suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida sai gabana ya faɗi, in waiwaya in ga ko wani abu ne ya karye.

Ku da muka yi karatu tare a soron Malam, kun ishe ni da tambaya. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce wai da gaske ne na taka har bayan Miga don in ɗauko dutse, alhali ga duwatsu nan sun kewaye mu har suna tare mana fitowar rana. In na fara ba da labarin kuma Gwaggo tana kusa, sai ta ƙwace shi daga bakina ta mai da shi labarin ƙafarta da ta kumbura. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma in huta.

Shekarar ita ce wadda Nasara suka matsa wa hakimai lamba a haƙa rijiyoyi masu zurfi a ƙauyuka. Maigidana ya tafi gabas karatu, ina zaune a gidanmu ina yi wa Malam, mahaifina, aikin da na saba tun ina ƙarama: dafa tawada, fiƙe alƙalami, da raba takardun littattafan da danshin damina ya manne. Idonsa a lokacin ya soma tafiya. Yanar ido ta rufe na hagu, ta kama na dama. Da hantsi yana iya gane babban rubutu in an kai masa kusa, da yamma kuwa sai dai ya gane mutum da takunsa.

Wata rana wani tsohon ɗalibinsa ya zo gaishe shi daga wajen Miga. Ya ba shi labari cewa masu haƙar rijiya a wani ƙauye sun tarar da farin dutse a ƙarƙashin ƙasa, in an fasa shi sai a ga ganye a ciki, ganye sak, da jijiyoyinsa, baƙi wuluk kamar an zana da tawada. Ya ce har ya ƙullo guda a bakin rawaninsa. Da ya kwance ƙullin, gari ne kawai. Malam ya sa yatsa a cikin garin, ya murza shi. Bayan baƙon ya tafi ya kira ni. Ba ya faɗin sunana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata," ya ce, "tun ina saurayi na karanta cewa akwai itacen da Allah Yake mayarwa dutse. Na ɗauka irin labaran bayan teku ne. Ashe yana nan kusa da mu. Da zan ga guda ɗaya kafin fitilar nan ta ƙarasa mutuwa, da na gode."

Sai aka yi dace, ko kuma in ce rashin dace, 'yar Gwaggo da ke aure a wannan ƙauyen ta haihu. Gwaggo yayar Malam ce, kun dai san ta, ba sai na ɓata tawada ba. Za ta je suna, Malam ya ce in bi ta. Kawu Ilu, ƙanen Inna, mai fataucin dabino, shi zai raka mu da jakinsa.

Ni da ban taɓa wuce kasuwar Shuwarin ba, na ɗauka tafiya wata aba ce mai natsuwa: mutum ya yi shiru, ƙasa tana buɗe masa kanta kaɗan-kaɗan. Har na ƙudura zan tsara baitoci a hanya. Rabin baiti na samu, shi ma na manta shi.

Jakin ne ya fara. Nasara sun sa an share sabuwar hanya mai faɗi, an jera duwatsu a gefenta an shafe su da farar ƙasa. Jakin Kawu ya dubi fararen duwatsun nan ya ce shi ba zai bi ta tsakaninsu ba. Kawu ya ja, ya tura, ya lallashe shi, ya zagi kakanninsa. A ƙarshe muka bar hanyar Bature a shimfiɗe ba kowa a kanta, muka bi tsohuwar turba ta cikin ƙaya, inda na ga kowa ma nan yake bi. Gwaggo ta ce jakin ya fi hakimi hankali. Daga nan ta kama magana, ba ta sake ta ba sai da muka tsallake yashin kogin Kiyawa. Na ji tarihin kowane gida da muka wuce, da wanda ya mutu a ciki, da abin da ya kamata a ce ya kashe shi tun da wuri. Bazara ce kuwa, rana tana dukan tsakiyar ka, ni kuma duk tsayawar da muka yi sai in tuna idon Malam in ji kamar in ɗauki jakin a kaina.

A Jahun muka sauka gidan wani da ya yi karatu a wurin Malam. Uwargidansa mace ce mai fara'a, ta tarbe mu da fura mai sanyi, ta tambayi abin da ya fito da mu. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ce ita suna za ta, wannan kuwa dutse ta zo nema. Matar ta yi dariya har ta dafa bango, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga abin mamaki.

Sai daga baya na gane abin dariyar. Ƙasar nan ba ta da dutse ko na jifan kare. Mu a nan dutse ne yake karya mana fartanya, muna tsine masa. A can curin yumɓu suke girka tukunya a kai, dutsen niƙa kuwa gado ne, har rigima ake yi a kansa in uwa ta mutu. Matar ta ce da mun ɗoro mata ko ƙarami ne daga gida, da ya fi mata dabinon da muka kawo. Tuwon dawa suka yi mana da miyar kuka, amma an zuba mata busasshen kifi har kukar ba ta da ta cewa. Gwaggo ta toshe hanci ta ce mutanen fadama ba su san bambancin miya da kogi ba, sannan ta cinye nata ta ƙarasa nawa. Da safe muka tashi jikinmu duk tabon kuɗin cizo. Gwaggo ta gaya wa matar gidan haka a gaban mijinta, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Daga Jahun zuwa Miga hanya hawa da sauka ce, a hau jigawa yashi yana cinye ƙafa, a gangara fadama busasshiya ta tsattsage. A nan ƙafar Gwaggo ta kumbura. Ba zan ce komai a kanta ba, kun ji labarin ya fi sau nawa.

Bayan Miga akwai wani turke da aka kafa, wai nan ce iyakar ƙasarmu da ta Haɗeja kamar yadda Nasara suka shata. Gona ɗaya ce, turken yana tsakiyarta, mai gonar ma bai san rabin geronsa baƙo ne ba. An ajiye wani mutum a gindin tsamiya yana duba kayan matafiya, saboda masu wucewa da kanwa a ɓoye. Dogo ne, da jar hula da ta ƙoɗe. Ya zura hannu a mangalar Kawu ya ɗebi dabino don ya tabbatar dabino ne, ya sake ɗiba don ya ƙara tabbatarwa. Muka wuce.

Ƙauyen ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa sun yi mana alheri, kuma zan faɗi abin da suka yi. Washegarin suna na roƙi Kawu ya raka ni bakin rijiyar. Ga tulin farin dutsen nan da aka fito da shi, amma duk wanda na ɗaga sai in ga an kankare shi tas. Ashe mutanen garin sun yanke cewa wannan rubutu ne da Allah Ya yi da kanSa, ya fi na kowane malami, don haka suke kankare baƙin su jiƙa su ba yara maganin tari. Farin kuma mata masu ciki suna gutsura suna ci. Rijiya guda ta ganye, an shanye ta.

Shugaban mahaƙan, wanda suke kira Sarkin Haƙa, wani ƙato ne mai son taimako, irin taimakon da ba ya jin "ya isa". Ya ce kada in damu, akwai wani kwari a gabas da gari inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa, dutsen yana nan a fili a jikin gaɓa. Muka tafi, rabin gari yana biye da mu. Da isarmu, kafin in durƙusa in duba, ya ɗaga daginsa ya narka wa gaɓar. Dutse ya tarwatse. A cikin ɓaraguzan na hango ganye, rubu'i a nan, kunne a can, karan a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Ga shi nan, 'yar Malam, kwashi."

Na ce ai cikakke nake so. Ya ce da cikakke da fasasshe duk maganinsu ɗaya, in an jiƙa wa zai gane? Na ce ba sha za a yi ba, kallo za a yi. Ya dubi Kawu, Kawu ya dubi sama. Ya sake ɗaga dagi. Sai da Kawu ya ja shi inuwa da tayin dabino sannan gaɓar nan ta samu lafiya.

Kada ku ɗauka ni na fi shi. Ranar farko na ga gefen wani ganye ya leƙo, na sa wuƙar yankan kuɓewa na nufe shi kai tsaye ina ɓanɓara, ya bi wuƙar ya zube. Wani na samu ya fito kusan duka, murna ta sa na shafa shi da yatsa, sai ga ganyen a yatsana, dutsen fari fat. Wani kuma na ajiye a rana don ya bushe, na juya na sha ruwa, kafin in dawo ya tattashi kamar ƙanzo a gindin tukunya. Yaran gari da iyayensu suna zaune a bakin kwarin suna jira, duk wanda na ɓata sai a miƙo hannu a karɓa a kai gida a jiƙa. Har addu'a na ji wata tsohuwa tana yi Allah Ya sa in ƙara fasa wani.

Da yammacin ranar ina zaune ina duban gaɓar, raina a ɓace, sai na lura dutsen nan ba dunƙule yake ba kamar namu na gida. Hawa-hawa ne, siriri a kan siriri. In ka dube shi ta gefe, ba shi da maraba da littafin da ya sha danshi takardunsa suka manne. Ni kuwa na san wannan aikin. Ba a kama takarda ta tsakiya inda rubutu yake. Ta gefe ake bi, da abu mai siririn baki, a zagaya, a ba ta lokaci ta saki da kanta. Baƙin ganyen kuma gawayi ne, kamar na tawada, kuma abin da ke riƙe tawada a kan takarda ƙaro ne.

Aska nake bukata. Wanzamin da ya yi wa jariri aski yana gari bai tafi ba, amma ya ce askarsa in mace ta taɓa dakushewa take yi. A nan dai dole in yi wa Gwaggo adalci. Ta fita da ƙafarta mai kumburi ta same shi a zaure, ta tuna masa cewa ta san uwarsa, ta kuma san abin da ya raba uwarsa da ubansa. Ta dawo da aska biyu.

Ga yadda ake yi, ga wadda Allah Ya jarrabe ta da irin wannan aike. In kin ga gefen ganye, ki ɗauke idonki daga kansa. Ki auna kamar taƙi ɗaya daga gare shi ta kowane ɓangare, ki haƙa 'yar kwata ki kewaye shi, ki zurfafa har ki wuce hawan da yake kwance, sannan ki bi ta ƙarƙashi a hankali ki ɗago shi da shimfiɗarsa duka, kamar yadda ake ɗaukar jariri mai barci da zanensa. Zai yi nauyi, ki bar shi ya yi. Ki kai shi inuwa. Ki nemi layin da ganyen yake a gefen dutsen, ki ɗora bakin aska, ki ɗan ƙwanƙwasa bayanta da ƙaramin itace, ba ƙarfe ba. Kada ki tsaya wuri ɗaya. Ki matsa, ki ƙwanƙwasa, ki matsa, har ki zagayo inda kika fara, ki sake zagayawa. Kunnenki ne zai gaya miki. Da farko dutsen yana amsawa da ƙarfi, can sai muryarsa ta yi laushi, sannan ƙas. Ko a lokacin kada ki murɗa askar. Ki sa hannu biyu ki ɗaga na saman a miƙe.

Haka na buɗe wani babba. Ganye ne ya kai tafin hannuna, mai kama da na ɓaure amma ba shi ba ne, ban san itacensa ba, kuma duk garin ba wanda ya sani. Kowace jijiya tana nan, har da 'yar hudar da wani ƙwaro ya ci a gefe. Na zauna ina kallon hudar nan. Ƙwaron ya ƙoshi ya tashi, iska ta kaɗo ganyen ya faɗa a laka, aka rufe shi tun ba a san za a yi wani gari wai shi Miga ba, kuma ba idon da ya sake ganinsa sai nawa. Ban san lokacin da na fara hawaye ba, sai da na tuna ɗigo ɗaya zai iya ɓata shi na kau da kai da sauri.

Na share ƙurarsa da gashin zabo, na kai shi ƙarƙashin rumbu na lulluɓe da tsohon zane don ya sha iska a hankali. Na gargaɗi kowa a gidan. Na gargaɗi yara, na gargaɗi mai jego, na sa aka ɗaure awaki. Mutum ɗaya ce ban gargaɗa ba, don ban ga ta inda za ta sunkuya da wannan ƙafar ba. Na bi Kawu daji neman ƙaro.

Da muka dawo na tarar da Gwaggo a bakin randa da soso a hannu. Dutsena yana jingine a jikin turmi yana ɗigar ruwa, fari sol.

"Uwani, zo ki gani, na wanke miki shi. Duk baƙin dattin nan ya fita."

Na ajiye ƙaron da na ɗebo. Da ƙyar na ce, "Gwaggo, dattin nan shi ne ganyen."

"To ni na sani? Abu an tono shi daga ƙasa, ko ta kan kabarin wa ya bi oho, za ki kwasa ki miƙa wa malami da hannunsa na alwala? Ko tulu aka sayo ai sai an ɗauraye. Mu dai ba a haife mu a gidan ƙazanta ba."

Na duba. Babu baƙi ko ɗigo. Sai gurbin ganyen kawai, 'yan kwarin jijiyoyi a jikin farin dutse, wanda mai lafiyar ido ma sai ya karkata shi ga haske zai gani, balle Malam. Na shige ɗaki na kifa kaina. Ina jin Gwaggo a waje tana gaya wa mai jego cewa karatu yana sa yara taurin rai, tana kuma cewa tunda ba na so ita tana so, zai yi mata goge kaushi. Ta naɗe shi a zaninta ta cusa a kayanta.

Kawu ya sayar da dabinonsa, yana son tafiya. Gabas kuma ta fara yin duhu da yamma, kowa ya ce ruwan farko in ya sauka kwarin zai cika, sai kuma baɗi. Na roƙe shi kwana ɗaya, ya zama biyu. Na fasa da yawa, tsohuwar nan ta samu maganin tari na shekara. A rana ta ƙarshe, iska har ta fara kawo ƙamshin ruwa, na samu wani. Ƙarami ne, bai fi yatsu uku ba, siriri kamar na tsamiya da aka ja tsawo, amma cikakke, kuma baƙi ƙirin a kan fari, irin wanda ko mai rabin ido zai gani.

Wannan ban bar shi ya kwana nesa da ni ba. Da ya sha iska na jiƙa ƙaro na tace, na tsinka shi har ya zama kamar ruwa. Na koyi wannan ma da asara, don mai kauri in ya bushe tattarewa yake yi ya ɗago ganyen ya tafi da shi. Ba a shafawa. Da bakin gashin zabo ake ɗiga shi a gefe, dutsen ya tsotsa da kansa, a jira ya bushe, a ƙara. Sannan na rufe fuskarsa da auduga, na naɗe da tsumma, na binne shi a tsakiyar ƙwarya cike da ƙaiƙayi, na ɗaure da faifai. Kawu ya ce a sa a mangala. Na dubi jakin nan, na ɗora ƙwaryata a ka.

A gindin tsamiya mai jar hula yana nan. Ya ce a sauke. Na ce dutse ne. Ya ce a ƙasar nan ba a taɓa ganin mai lulluɓe dutse da auduga ba, farin abu a ɓoye cikin ƙaiƙayi sunansa kanwa. Ya tona, ya warware, ya riƙe shi da yatsu biyu, babban yatsansa yana gab da kan ganyen. Sai na ga ya zaro harshe.

Ban taɓa ɗaga murya ga namiji ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na dai ce masa a hankali, don girman Allah ya lasa ta baya. Ya tsaya yana dubana, harshen a waje. Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, lasa ta bayan mana. Ni da na wanke nawa har yau ba a yafe mini ba." Ya juya shi, ya lasa, ya tofar. Ya ce ba kanwa ba ce. Ya tambayi Kawu a gefe ko ina da lafiya, Kawu ya ce da sauƙi.

Sauran hanyar ban san yadda take ba, don ban iya juya wuyana ba. Ban yarda kowa ya sauke mini kaya ba. A Jahun matar nan ta ce a nuna mata, na ce sai dai ta yi haƙuri, ta ce ita dama ta san ba abin da na samo. Ruwa ya kama mu kusa da gida, na tuɓe mayafina na rufe ƙwarya, na shiga gari a jiƙe kamar kazar da ta faɗa randa.

Na jira sai da hantsi, lokacin da idon Malam ya fi gani. Yana zaune a kan buzunsa a ƙofar soro. Na durƙusa na kwance tsumma, na ɗauke auduga, na riƙe masa shi daidai inda yake riƙe littafi. Ya miƙo hannu, na janye.

"Malam, don Allah kada a taɓa. Kallo kawai."

Ya mai da hannunsa. Ya daɗe fuskarsa a kan dutsen, ya yi tasbihi. Sannan ya ce, "Uwata, faɗa mini abin da kike gani, in ji ko idonmu ɗaya." Na faɗa masa, tun daga kara har tsini, da yadda jijiyoyin suke fita biyu-biyu suna lanƙwasa kafin su kai baki. Yana ta gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne. Na ji duk gajiyar hanya ta sauka daga wuyana. Na ce a raina, na riske shi da sauran gani.

Sai ga Gwaggo ta shigo tana ɗingishi, ta dire nata dutsen a kan buzun, ta ce ga wanda aka yi mata fushi a kansa, ko kaushin ma ba ya gogewa, laushi gare shi. Malam ya lalubo shi ya ɗauka. Ya ɗora yatsa a kai, sai na ga yatsan ya tsaya, sannan ya fara bin tsakiya a hankali har sama, ya dawo, ya bi ta gefe. Ya ce ta bar masa wannan.

Nawa aka sa a cikin gafaka aka rataye, ana sauko da shi in baƙi sun zo. Na Gwaggo kuwa shi ne kullum a gefen buzu, yana karantarwa yana juya shi a hannu. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya daɗe yana ci mini rai, musamman da Gwaggo ta bi gari tana cewa ita ce ta kawo wa Malam dutse. Kafin kaka ya faɗa wa kowa cewa idon ya tafi gaba ɗaya. Na yi kuka, amma ina ce wa kaina ko ba komai ya gani.

Bayan rasuwarsa da shekaru, ina taya Inna gyaran ɗaki, muka ci karo da dutsen Gwaggo a cikin wani tsohon kwando. Jijiyar tsakiyar ta yi sumul, ta yi duhu saboda maiƙon hannu. Na ce wa Inna har yau ban gane abin da ya gani a jikin wannan ba, ga nawa mai kyau a rataye. Inna ta karɓa ta juya shi, ta ce ai ta ɗauka na daɗe da sani. Ta ce tun ranar da muka fita, da la'asar, ya kira ta ya tambaya ko hadari ne ya haɗu, alhali rana tana nan tsaye. Tun ba mu kai Jahun ba fitilar idonsa ta mutu, ya hana ta faɗa wa kowa sai na dawo na huta.